Gwajin Mauchly da Matsalolinsa a Wajen Nazarin Maimaitaccen Awo

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya ɗauki nazarin furuci ko tsarin sauti a matsayin fagen bincikensa, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya sami kansa a gaban kwamfuta da tulin alƙaluma. Ya naɗi muryoyin masu magana, ya auna tsawon wasula da manhajar Praat, ya zuba sakamakon a SPSS ko R ko SAS, daga nan sai na'ura ta fito masa da wani ɗan jadawali mai ɗauke da sunan Mauchly. Wani lokaci jadawalin yakan zo da alƙaluman da ɗalibi bai san inda zai kai su ba, wani lokaci kuma yakan zo da ɗigo kurum a gurbin da aka sa ran ganin amsa. A nan ne ɗalibai da yawa ke tsayawa cak, wasu su zargi manhaja, wasu kuma su tsallake jadawalin su wuce, sai ranar kare kundi mai jarrabawa ya komo da su kansa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da wannan gwaji yake aunawa, da dalilan da kan sa ya ƙi fita ko ya fita a karkace, da kuma abin da ya kamata mai nazari ya yi a kowane hali. Za a kuma nuna cewa gwajin shi kaɗai bai isa a dogara da shi ba, musamman a irin binciken da aka saba yi a sassan harsuna, inda masu magana ba su cika yawa ba.

2.0 Ma'anar Maimaitaccen Awo

Maimaitaccen awo shi ne a auna mutum ɗaya sau da yawa a yanayi daban-daban. Alal misali, Hausa tana da karin sauti iri uku, watau na sama da na ƙasa da faɗau. In ana son a gano ko karin sauti yana shafar tsawon dogon wasalin /aa/, ba za a nemo masu magana daban domin kowane kari ba. Mutum ɗaya ne zai furta kalmomi masu kari ukun duka, a auna, sannan a kira na gaba shi ma ya yi haka.

Amfanin wannan tsari a fili yake: kowane mai magana ya zama ma'aunin kansa, saboda haka bambancin da ke tsakanin mai jan magana da mai gaggawa ba zai rufe abin da ake nema ba. To amma akwai wani nauyi da tsarin ya ɗora wa mai bincike. Awo uku da suka fito daga baki ɗaya ba baƙin juna ba ne. Wanda ya saba jan wasali zai ja shi a ko'ina. Masana ƙididdiga suna da ma'auni biyu na bayyana wannan. Na farko shi ne warwatsuwa, watau gwargwadon yadda alƙaluma suka yi nesa da matsakaicinsu. Na biyu shi ne warwatsuwar tarayya, watau gwargwadon yadda awo biyu suke hawa da sauka tare. Lissafin da ake kira ANOVA, wanda ke fitar da ƙimar F da ƙimar p, ba ya inganta a maimaitaccen awo sai waɗannan ma'aunai sun cika wani sharaɗi.

3.0 Sharaɗin Daidaito

Sharaɗin shi ne wannan: a ɗauki yanayi biyu-biyu, a fitar da bambancin da ke tsakaninsu ga kowane mutum, sannan a lissafa warwatsuwar wannan bambanci. Dole ne warwatsuwar ta zama ɗaya a dukkan tagwayen yanayin, in an dubi al'ummar da aka ɗebo mutanen daga cikinta. Da can an ɗauka cewa sai kowane awo ya kasance da warwatsuwa iri ɗaya, kuma warwatsuwar tarayya ta zama ɗaya a ko'ina. A shekarar 1970 ne Huynh da Feldt a gefe guda, da Rouanet da Lépine a ɗaya gefen, suka nuna cewa wannan ya yi tsauri fiye da kima, daidaiton warwatsuwar bambance-bambance ya wadatar.

Gwajin da ake duba sharaɗin da shi, John W. Mauchly ne ya wallafa shi a shekarar 1940. Shi ne kuma mutumin da daga baya ya haɗa kai da J. Presper Eckert suka ƙera kwamfutar ENIAC a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, wadda aka nuna wa duniya a 1946. Gwajin yana fitar da wata ƙima da ake kira W, wadda ke tsakanin 0 da 1. In W ta kusa 1, alƙaluman sun yi kusa da sharaɗin. In ta kusa 0, sun yi nesa. Daga W ake lissafa ƙimar p, kuma al'ada ita ce in p ta gaza 0.05 a ce an karya sharaɗi.

Illar karya sharaɗin ita ce ƙimar p ta ainihin binciken takan fito ƙarama fiye da yadda ya kamata. Ke nan mai bincike yana iya shelar cewa ya gano bambanci alhali hujjarsa ba ta kai ba.

4.0 Misali

Alƙaluman da ke biye ƙirƙirarru ne domin koyarwa kawai, ba sakamakon wani bincike ba ne. A ƙaddara an auna tsawon /aa/ a bakin mutum biyar, da ma'aunin milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. An jera su kamar haka: faɗau, ƙasa, sama.

Mai magana na 1: 150, 160, 150
Mai magana na 2: 180, 150, 145
Mai magana na 3: 180, 170, 165
Mai magana na 4: 190, 140, 130
Mai magana na 5: 175, 155, 160

Matsakaicin faɗau 175 ne, na ƙasa 155, na sama 150. Yanzu sai a fitar da bambance-bambancen. Tsakanin faɗau da ƙasa akwai -10, 30, 10, 50, 20, warwatsuwarsu 500. Tsakanin faɗau da sama akwai 0, 35, 15, 60, 15, warwatsuwarsu 537.5. Tsakanin ƙasa da sama kuwa akwai 10, 5, 5, 10, -5, warwatsuwarsu 37.5 kacal. Ko ba a kunna kwamfuta ba, mai karatu ya ga cewa 37.5 da 500 ba tsarar juna ba ne.

Amma me gwajin Mauchly zai ce? Zai ba da W 0.195, da ƙimar p 0.086. Tunda 0.086 ta haura 0.05, ɗalibin da ya haddace ƙa'ida zai rubuta cewa sharaɗi ya cika, ya karanta layin farko na jadawalin ANOVA, inda F take 4.88 kuma p take 0.041, ya yanke cewa karin sauti yana shafar tsawon wasali. Da ya sauko layi na biyu, inda aka yi gyara saboda rashin daidaito, da ya tarar da F ɗin nan dai 4.88, amma p ta koma 0.084. Watau hukuncin babi guda na kundinsa ya rataya ne a kan wane layi ya karanta.

Dalilin haka shi ne gwajin Mauchly ba shi da ƙarfi idan mutane kaɗan ne. Shirunsa ba shaida ba ce ta cewa komai lafiya. Mutum biyar ne ba su isa su sa shi magana ba. Idan kuwa mutanen sun yi yawa ƙwarai, sai ya juya ya riƙa ƙorafi a kan ɗan saɓanin da bai taka kara ya karya ba. Har ila yau, an gina shi a kan zaton cewa alƙaluman sun rarrabu cikin siffar ƙararrawa, saboda haka awo ɗaya da ya yi fice, kamar wasalin da aka yanka ba daidai ba a Praat, yana iya karkatar da shi.

5.0 Ifsilon da Gyare-gyarensa

Abin da ya fi dacewa a duba shi ne ifsilon, harafin Girkanci ε, wanda manhajoji ke bugawa a gefen gwajin Mauchly. George Box ne ya fito da wannan ma'auni a 1954. Shi ifsilon ba ya cewa i ko a'a, yana faɗin gwargwadon nisan da aka yi daga sharaɗi ne. Ƙololuwarsa 1, ƙarancinsa kuwa 1 a raba da adadin yanayi ban da ɗaya. Ke nan in yanayi uku ne ba ya gaza 0.5, in huɗu ne ba ya gaza 0.33, in biyar ne ba ya gaza 0.25.

Yadda ake aiki da shi shi ne a ninka matakan 'yanci, waɗanda manhaja ke rubutawa df, da ifsilon, sannan a nemi p da sababbin matakan. Ƙimar F ba ta canzawa. Akwai hanyoyi biyu fitattu na ƙiyasta ifsilon. Ta Greenhouse da Geisser, ta shekarar 1959, tana da tsantseni, takan rage fiye da kima idan ainihin ifsilon yana da girma. Ta Huynh da Feldt, ta 1976, an yi ta ne domin sassauta wannan, amma ita kuma takan wuce gona da iri. Shawarar da ta yaɗu a littattafan koyarwa ita ce in ƙiyasin Greenhouse da Geisser ya gaza 0.75 a yi amfani da shi, in ya haura a koma ga na Huynh da Feldt.

A misalin da ya gabata, ifsilon na Greenhouse da Geisser 0.554 ne, na Huynh da Feldt 0.612. Tunda ƙarancin da zai yiwu 0.5 ne, alƙaluman sun kusa kaiwa maƙurar karya sharaɗi, duk da shirun Mauchly. Matakan 'yanci sun sauka daga 2 da 8 zuwa 1.11 da 4.43. Kada ɗalibi ya tsorata da ganin ɗigo a cikin matakan 'yanci, ko ya cike su zuwa cikakken adadi; haka ake rubuta su.

6.0 Matsalolin da Aka Fi Cin Karo da Su

6.1 Ɗigo a gurbin p idan yanayi biyu ne

In an gwada dogon wasali da gajere kawai, SPSS zai buga W 1.000, da df 0, sannan ya sa ɗigo a ƙarƙashin Sig. Wannan ba kuskure ba ne. Yanayi biyu bambanci ɗaya tak suke bayarwa, kuma abu ɗaya ba shi da abokin gwami. Sharaɗi ya cika da kansa, ba a bukatar gyara. Ana iya tabbatar da haka ta lissafi: matakan 'yancin gwajin Mauchly su ne adadin yanayi sau adadin yanayi ban da ɗaya, a raba biyu, a cire ɗaya. Yanayi biyu sun ba da 0, uku sun ba da 2, huɗu sun ba da 5, biyar sun ba da 9.

6.2 W ta zama sifili ko gwajin ya ƙi fita

Wannan daban yake da na sama, kuma alama ce ta matsala ta gaske. Sababi na farko shi ne yanayi sun fi mutane yawa. Hausa tana da gajerun wasula biyar da dogaye biyar. Wanda ya auna goman nan a bakin mutum shida ba zai sami gwajin ba, domin ana bukatar mutane su kai aƙalla yawan yanayin kafin jadawalin warwatsuwar tarayya ya tsaya da ƙafafunsa. Mafita ita ce a ƙara masu magana, ko a sake fasalin binciken zuwa sabubba biyu, watau irin wasali mai matakai biyar da tsawo mai matakai biyu.

Sababi na biyu shi ne wani bambanci ba shi da warwatsuwa ko kaɗan. Yakan faru idan an kwafi shafin alƙaluma ɗaya sau biyu bisa kuskure, ko kuma a gwajin saurare inda kowa ya ci maki cif a yanayi biyu. A nan sai a koma a duba alƙaluman da ido.

6.3 Mutane sun ragu ba sanarwa

Tsarin maimaitaccen awo na SPSS da na SAS yana zubar da mutum gaba ɗaya idan ya rasa ko da awo ɗaya. Wanda ya naɗi mutum goma sha biyu, amma hayaniya ta ɓata kalma ɗaya-ɗaya a bakin bakwai daga cikinsu, da mutum biyar na'ura za ta yi masa aiki. Saboda haka abu na farko da za a duba a sakamako shi ne adadin mutanen da aka lissafa. Haka kuma a kula kada a cike gurbin da babu awo da sifili, domin manhaja za ta ɗauka wasali ne mai tsawon sifili.

6.4 Jeren alƙaluma

SPSS yana son kowane mutum ya sami layi ɗaya, kowane yanayi kuma shafi ɗaya. Wasu hanyoyin R kuwa suna son kowane awo ya sami layinsa. Kuskuren da ya fi muni a nan shi ne ɗalibi ya sa mutum ya maimaita kalma sau goma, sannan ya ba kowane furuci layi kamar sabon mutum ne. Mutum biyar sai su koma hamsin a idon na'ura, dukkan gwaje-gwajen su lalace. A wannan tsari, matsakaicin furucin kowane mutum a kowane yanayi shi ake shigarwa.

6.5 Ifsilon ya haura 1

Ƙiyasin Huynh da Feldt yana iya wuce 1, ko da yake ainihin ifsilon ba ya wucewa. SPSS yakan tsayar da shi a 1.000, kunshin car na R kuma yakan buga gargaɗi cewa ya ɗauke shi a matsayin 1. Ba abin damuwa ba ne. Ma'anarsa ba a bukatar gyara ta wannan hanya.

6.6 Manhajoji biyu sun saɓa

Dalilai uku ne suka fi jawo haka. Na ɗaya, umarnin mauchly.test na R, in ba a ƙara masa X = ~1 ba, yana gwada ainihin awon ne maimakon bambance-bambancen, kuma wannan wani sharaɗi ne daban, mai tsauri. Na biyu, SAS yakan buga gwaji biyu idan an nemi PRINTE, kuma wanda ya dace shi ne na layin da aka rubuta Orthogonal Components. Na uku, a shekarar 1991 Lecoutre ya nuna cewa lissafin Huynh da Feldt yana bukatar gyara idan akwai rukunin mutane fiye da ɗaya. Wasu manhajoji sun karɓi gyaran, wasu sun ci gaba da tsohon lissafi. Don haka ya kamata a faɗi sunan manhaja da lambar fitowarta a cikin kundi.

6.7 Sabubba fiye da ɗaya

In binciken ya ƙunshi karin sauti da saurin magana, kowanne mai matakai uku, za a ga layi uku a jadawalin Mauchly: na kari, na sauri, da na cuɗanyarsu. Kowane layi da nasa ifsilon, kuma ba a aron na wani a yi wa wani gyara. Na cuɗanyar yana iya sauka har 0.25.

7.0 Gwajin Box da na Levene

Sau da yawa akan rikita gwajin Mauchly da wasu guda biyu. Idan an raba masu magana rukuni-rukuni, misali masu Kananci da masu Sakkwatanci da masu Katsinanci, to akwai ƙarin sharaɗi: jadawalin warwatsuwa da warwatsuwar tarayya ya zama iri ɗaya a kowane rukuni. Gwajin M na Box, na shekarar 1949, shi ke duba wannan. Yana da saurin ƙorafi idan alƙaluma sun kauce wa siffar ƙararrawa, shi ya sa masana da yawa ba sa kula shi sai p ta gaza 0.001, kuma illar karya sharaɗin takan yi sauƙi idan rukunonin sun yi daidai a yawa. Shi ma yakan ƙi fita idan mutanen kowane rukuni ba su fi yanayin yawa ba. Gwajin Levene, na 1960, yana duba warwatsuwar awo ɗaya ne tsakanin rukunoni, ba ruwansa da dangantakar awo da awo. Cin ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan uku ba ya wanke sauran.

8.0 Wasu Hanyoyin

Akwai hanyoyin da ba sa bukatar sharaɗin daidaito sam. Ta farko ita ce MANOVA, wadda SPSS ke bugawa tare da sauran sakamako, da sunayen Pillai da Wilks. Sai dai tana son mutane da dama, kuma ba ta fita idan yanayi sun fi mutane yawa. Ta biyu ita ce a gwada yanayi biyu-biyu, kowane gwami da nasa ma'aunin kuskure, a kuma tsaurara iyakar p ta hanyar Bonferroni. Ta uku ita ce tsarin gauraye, wanda Laird da Ware suka shimfiɗa wa maimaitaccen awo a 1982, kuma ana samunsa a kunshin lme4 na R da PROC MIXED na SAS. Wannan ya fi dacewa da nazarin furuci, domin yana karɓar kowane furuci a layinsa, yana la'akari da mai magana da kuma kalmar da aka furta, kuma ba ya zubar da mutum saboda rashin awo ɗaya. Amma fa shi ma yana da nasa sharuɗɗan, kuma wanda ya gina shi da sakaci yana iya komawa ga tsohon zaton daidaito ba tare da ya sani ba.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tsarin aikin da ya kamata ɗalibi ya bi shi ne: ya tabbatar da adadin mutanen da na'ura ta lissafa, ya duba jeren alƙalumansa da gurabun da babu awo, ya fitar da bambance-bambance ya kalli warwatsuwarsu da idonsa, ya karanta ifsilon ko Mauchly ya yi magana ko bai yi ba, sannan ya rubuta sakamakon da aka gyara, tare da W da ifsilon da matakan 'yanci. Idan ifsilon ya kusa 1, gyaran ba zai rage masa kome ba. Idan kuwa ya yi ƙasa, gyaran ya cece shi daga da'awar da ba ta da tushe.

Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Yawancin matsalolin da aka lissafa a nan ana iya kauce musu tun kafin a naɗi murya ko ɗaya, idan ɗalibi da mai duba aikinsa suka zauna suka ƙidaya yanayin da za a gwada, suka tabbatar masu magana sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma suka rubuta hanyar gyaran da za a bi kafin a ga sakamako.